Idan duk hanyar da na bi wuri ɗaya za ta kai ni, meye amfanin zaɓin da gem yake ba ni?

"Assalamu alaikum babban yaya. Ni ɗalibi ne a nan Jos, a Anguwan Rogo nake. Kwanan nan na gama The Walking Dead na farko a laftof ɗin abokina, wallahi ƙarshensa sai da na yi hawaye, abin da fim bai taɓa sa ni ba. To sai na shiga YouTube na kalli yadda wasu suka buga, sai na ga ashe ko Carley ka ceta ko Doug duk mutuwa za su yi, shi ma Lee ba yadda za ka yi ya rayu. Gaskiya ji na yi kamar an raina min hankali. Shin zaɓin nan duk yaudara ce? Kuma ina son in rubuta ɗan ƙaramin gem na labari da Hausa, ƙarshe kala nawa ya kamata in yi don mutane su ji abin a ransu?"

Wa alaikumus salam ƙanina, sannu da ƙoƙari. Tambayar taka biyu ce a cure wuri ɗaya, ko raina maka hankali aka yi, da kuma ƙarshe nawa za ka rubuta a naka. Ina ganin in muka warware ta farkon, ta biyun da kanta za ta sauka. Amma kafin nan duk wanda bai buga The Walking Dead ko Mass Effect ko The Witcher 3 ko Life is Strange ko The Last of Us ba kuma yana da niyya, to ya sani zan fasa ƙwai a nan, don ba yadda za a yi bayanin nan ba a faɗi wa ya mutu wa ya rayu ba.

Ni dai na yi tsaron shagon gem a wajajen Bauchi Road shekarun baya, yanzu kuma ƙananan gem na labari nake rubutawa irin waɗanda ake karantawa ana dannawa a waya, ina kuma zama da matasa masu son koyo. Abin da na gani a duka wuraren biyu shi ne, ba yawan ƙarshe ne yake kama zuciyar mai bugawa ba. Abin da yake kama shi, ya ji alhakin abin da ya faru yana wuyansa. Gem mai ƙarshe 30 zai iya barinka ko a jikinka, wani mai ƙarshe ɗaya tak ya hana ka bacci.

Dalilin da ya sa rassan suke komawa su haɗe

Bari mu fara da lissafi don shi ne ba ya ƙarya. A ce a labarinka akwai wuri 10 da mai bugawa zai ɗauki ɗaya cikin biyu, kuma kowane zaɓi da gaske yake raba labarin gida biyu ba ya dawowa. Biyu sau biyu har sau 10, ƙarshe 1,024 kenan. In wuraren suka kai 20 ka haura miliyan ɗaya. Kowane reshe kuma sai an rubuta shi, an biya masu murya, an zana wurin, an motsa fuskoki, an gwada ko akwai inda ya lalace, alhali yawancin mutane sau ɗaya za su buga, wasu ma ba za su kai ƙarshe ba. Kamfanin Telltale da ya yi The Walking Dead kashi 5 ya fitar tsakanin Afrilu da Nuwamba na 2012, ka ga ba lokaci ba kuɗin da za a yi labari dubu. Shi ya sa kusan kowa a harkar nan dabara ɗaya yake yi: a bar hanya ta rabu na ɗan lokaci, sai a lallaɓa a dawo da ita kan babban titi.

Carley da Doug haka aka yi da su. Wanda ka ceta a kantin maganin nan a kashi na ɗaya zai bi ka ta kashi na biyu, a na uku Lilly, wata cikin mutanen da kuke tare, ta harbe shi a bakin hanya. Amma ka lura ba abu ɗaya ba ne fa. Carley 'yar jarida ce, ta san Lee, mutumin da kake bugawa a matsayinsa, an yanke masa hukunci kan kisan kai, ita ce take matsa maka ka faɗa wa sauran da bakinka kafin su ji a wani wuri, wanda ya ceci Doug bai samu wannan ba. Kuma ita Lilly da gangan take harbinta bayan sun yi cacar baki, shi kuwa Doug, wani matashi mai suna Ben aka nufa sai ya shiga tsakani. Kabari ɗaya dai, amma mutum biyu da suka buga ba labari ɗaya za su ba ka ba.

Abin da ya faru a ranka lokacin da kake bugawa

Ka tuna farkon kashi na biyu a harabar otal ɗin nan, inda Lilly ta miƙa maka abinci guda 4 ga mutum 10 masu jin yunwa? Rabin tuffa, ɗan busasshen nama, sai biskit da cuku guda biyu. Ga yara biyu, Clementine da take hannun Lee, da Duck. Ga Larry tsohon nan da ya naushe ka ya bar ka a ƙasa ka mutu, amma shi yake ta aikin gyaran shinge. Ga Mark da abincinsa aka daɗe ana ci. Kuma gem ɗin ya bar maka ƙofa ka ajiye na ƙarshen wa kanka. Babu wanda zai mutu saboda rabon nan, labarin ba zai karkata ko taku ɗaya ba. Amma na taɓa zama bayan wani yaro yana bugawa, ya ba yaran biyu nan take ko tunani bai yi ba, ya ba mutum na uku, da ya rage guda ɗaya sai ya dinga yawo da Lee a harabar, ya je gaban wannan ya tsaya ya fasa, ya je gaban wancan ya fasa, har ya ajiye hannun gem ɗin a cinya ya juyo ya ce min "Yaya kai wa ka ba?" Wannan tsayawar da ya yi, ita ce abin da ake nema. A lokacin ba tambayar me zai faru yake yi ba, tambayar wane irin mutum ne shi yake yi.

Sannan masu gem ɗin ba su bar shi ya tafi a iska ba. Kana magana sai rubutu ya fito a saman allo cewa Clementine za ta tuna da wannan, yarinya 'yar shekara 8 tana kallon duk abin da kake yi, in ka yi ashar ta ji, in ka ɗebi kayan motar da aka bari a daji tana gani. A kashi na biyar kuma mai motar nan ya zaunar da kai a ɗakin otal a Savannah ya dinga lissafo maka abubuwan da ka aikata ɗaya bayan ɗaya, naka na kanka, ba na wani a YouTube ba, kai kuma kana ƙoƙarin kare kanka. Shi ya sa da aka zo ƙarshe, Lee yana jingine da bango ciwon cizon da gawa mai yawo ta yi masa ya ci ƙarfinsa, kai ne kake zaɓar wasiyyar da za ka bar mata da kuma ko ta harbe ka ko ta tafi ta bar ka, hawayen suka zo. Kai ka yi mata aski a jirgin ƙasa, kai ka koya mata riƙe bindiga.

Wanda ya yi jinyar mahaifinsa wata da watanni har Allah ya karɓi abinsa, ba ya dawowa daga maƙabarta ya ce ashe jinyar yaudara ce tunda dama mutuwa zai yi. Ya san bai isa ya canza ƙarshen ba, amma yadda ya tsaya a kansa nasa ne. To haka abin yake tsakaninka da Lee da Clementine. A fim kallo kake wani yana yanke hukunci, in ya yi wauta ka zage shi ka wuce. A nan yatsanka ne ya danna, ba wanda ya tilasta ka, kuma dama an ce sa kai ya fi bauta ciwo.

Masana halayyar ɗan adam ma sun taɓo gefen wannan. A 2006 Richard Ryan da Scott Rigby da Andrew Przybylski sun fitar da bincike da ya nuna mutane sun fi jin daɗin gem kuma sun fi komawa gare shi in ya biya musu buƙatu uku: su ji da ra'ayin kansu suke yin abu, su ji sun iya, su ji suna da alaƙa da wasu. Ka lura na farkon maganar ji ne, ba maganar adadin rassa ba.

Zaɓin da yake da nauyi da wanda yake fanko

Yanzu ba kowane zaɓi ne yake yin wannan aikin ba, kuma a nan ne mafi yawan masu rubutu suke faɗuwa. Mafi arha a cikinsu shi ne na mutumin kirki ko mugu. Mass Effect yana da layi biyu, shuɗi na kirki ja na zafin kai, kuma wani tsohon ma'aikacin BioWare, kamfanin da ya yi shi, ya taɓa faɗi a 2020 cewa sama da kashi 90 cikin 100 na masu bugawa hanyar kirkin suka bi. To ka ga in kowa abu ɗaya zai ɗauka ai ba zaɓi ba ne, jarabawa ce mai amsa a rubuce a bango. BioShock na 2007 ya yi ƙoƙarin sa farashi, akwai wasu ƙananan 'yan mata da kake tararwa, ka kashe ɗaya ka samu sinadarin ƙarfi 160, ka cece ta ka samu 80, amma sai ya dinga aiko maka da kyauta duk bayan ka ceci uku har bambancin ya zama ba wani mai yawa ba. Kirkin da ba ka yi asarar komai a kansa ba ba ya zama a rai.

Kwatanta da Papers, Please da mutum ɗaya, Lucas Pope, ya yi a 2013. Kai ma'aikacin kan iyaka ne a wata ƙasa ta ƙirƙira, aikinka duba fasfo ka buga hatimi. Ana biyanka 5 a kan kowane mutum da ka duba daidai, da dare kuma ga kuɗin haya ga abinci ga ɗumama ɗaki, ga mata da ɗa da suruka da kawu duk a kanka. Sai wani mutum ya zo takardunsa lafiya lau, ka buga masa, yana wucewa ya ce matata ce a bayana dan Allah ka taimaka mata. Ta zo, takardarta ba ta cika ba, ta ce in ta koma kashe ta za a yi. In ka bar ta ta wuce za a rubuta maka laifi, kuskure biyu ake yafewa a rana na uku a fara yankan albashi, yaronka kuma ƙila ba shi da lafiya a gida. Gaba kura baya sayaki. Gem ɗin ba shi da wani zane na a zo a gani, amma duk ɗan Najeriyan da na ba shi ya buga sai ya yi shiru a wurin nan, don mun san ma'aikaci mai ƙaramin albashi a bayan tebur, wasunmu iyayenmu ne.

Sai kuma sanin mutanen. A gaskiya ni a wurina zaɓin Carley da Doug ma ba shi ne mai ƙarfi a gem ɗin ba, don lokacin ba ka daɗe da haɗuwa da su ba, mutane da yawa mai bindigar kawai suka ɗauka don za ta yi amfani. Amma a Mass Effect na 2007 lokacin da aka ce ka zaɓi wanda za ka ceta cikin abokan tafiyarka Ashley da Kaidan a wata duniya mai suna Virmire, ka riga ka yi awanni kana yawo da su kana sauka ƙasan jirgi kuna hira, kuma wanda ka bari ya tafi kenan har gem na biyu da na uku, don sebin ɗinka, wato ajiyar abin da ka buga, ake ɗauka a wuce da shi. Ba za ka roƙi mutum ya yi kukan wanda bai sani ba.

Wanda ya fi burge ni duk cikinsu shi ne The Witcher 3 na kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Poland, 2015. Makomar Ciri, 'yar riƙon jarumin da kake bugawa, ko ta mutu ko ta zama mafarauciyar dodanni ko ta hau gadon sarauta, ba a wani babban maɓalli na ƙarshe aka rataye ta ba. An rataye ta ne a ƙananan abubuwa da ba za ka ma san ana lissafa su ba. Tana cikin baƙin cikin rasuwar tsohon malaminta Vesemir, ka ja ta wasan jifa da ƙanƙara ko ka zaunar da ita shan giya? Za ta shiga ganawa da manyan matsafa mata, ka bar ta ta shiga ita kaɗai ko ka bi ta kamar ba za ta iya ba? Ta ce tana son zuwa kabarin wani saurayi da ya taimake ta, ka raka ta ko ka ce ba lokaci? Mahaifinta sarki ya miƙo maka kuɗin kawo ta a gabanta, ka karɓa? Duk tambaya ɗaya ce a ɓoye, wane irin uba ne kai. Mutane da yawa sun bi ta ko'ina don kare ta, suna ganin soyayya ce, sai suka samu mummunan ƙarshe. Wasu sun ce rashin adalci ne tunda ba a gargaɗe su ba, kuma na fahimce su, amma ni ina ganin daidai ne, don da an sa alamar cewa wannan yana da muhimmanci da kowa amsar malam zai bayar ba tasa ba.

Life is Strange na 2015 wata dabarar ya yi. Ya ba ka ikon mayar da lokaci baya, ka yi magana ka ga sakamako ka goge ka sake, har ka saba ka sangarce. Sai a kashi na biyu wata 'yar makarantarku Kate ta hau saman gini tana son ta faɗo, a nan ikon ya ƙi aiki. Abin da zai cece ta shi ne ko ka ɗauki wayarta da ta kira ka ɗazu, ko ka tsaya ka duba hotuna da wasiƙun ɗakinta har ka san wa yake ƙaunarta a gidansu. Wanda ya bi ɗakin a guje ya rasa abin faɗa. Undertale kuma shi har sebin ɗin ma bai bari ya zama mafaka ba, ka kashe Toriel da ta riƙe ka kamar uwa ka ji ba daɗi ka koma baya ka ƙyale ta, sai wani fure mai magana, Flowey, ya fito ya ce maka ya san abin da ka yi.

Inda ƙorafinka yake da gaskiya

Ba wai ina wanke kowa ba ne. Akwai yaudara ta gaske, ita ce a yi maka alkawari a saɓa. Mass Effect 3 da ya fito a Maris 2012 shi ne babban misali, mutane sun kwashe shekara biyar suna ɗauke da sebin ɗinsu daga gem zuwa gem, sai a mintunan ƙarshe aka ce zaɓi ja ko shuɗi ko kore, bidiyon kusan iri ɗaya, ba a nuna maka me ya samu mutanen da ka sha wahala a kansu ba. Hayaniyar da aka yi sai da BioWare ta fitar da ƙarin ƙarshe kyauta a watan Yuni na shekarar. Abin lura, a cikin gem ɗin dai akwai sashen wata duniya mai suna Tuchanka inda abin da ka yi da abokin tafiyarka Wrex tun a na farko da bayanan da ka ajiye ko ka goge a na biyu duk suke dawowa, kuma har yau yabon sashen ake. Ka ga ba haɗewar hanya ce ta ɓata wa mutane rai ba, mantawa da su ne. Su ma Telltale daga baya sun yi ta maimaita rubutun za a tuna da wannan har ya zama abin dariya, a ce wane zai tuna, minti biyu a kashe shi.

The Last of Us na 2013 kuma ba ya ba ka zaɓi sam, kuma bai taɓa cewa zai ba ka ba. A asibitin ƙarshe dole ka kashe likitan nan ko kana so ko ba ka so, don labarin jarumin gem ɗin, Joel, ne ba naka ba, kuma ya girgiza mutane sosai. Don haka zaɓi hanya ɗaya ce cikin hanyoyi, ba farilla ba ne.

Wani abu da ba a cika faɗa ba, inda kake bugawa ma yana da tasiri. A shago yawanci ƙwallo ake bugawa a biya a tashi, in wani ya sa gem na labari sai mutum shida su tsaya a bayansa ana "kashe shi! kashe shi mana!", duk wani nauyi ya tashi ya koma wasan dariya. Yaron nan dai in ya samu waya shi kaɗai da dare cikin bargo a sanyin Jos da iyafis a kunne, wani mutum ne daban. Sai matsalar Turanci: Telltale suna sa lokaci yana gudu a ƙasan amsoshin, wanda karatunsa bai da sauri kafin ya gama karanta na biyu lokaci ya ƙare, ya danna kowanne kawai. Wannan bai zaɓi komai ba, don haka ba zai ji alhakin komai ba. Wannan kaɗai ya isa hujjar yin naka da Hausa.

To naka gem ɗin fa

Ƙarshe biyu ko uku sun ishe ka, ɗaya ma ba laifi. Ƙarfinka ka zuba shi a tunawa. Bari in ba ka misali da wani da na rubuta, labarin Habu ɗan keke da yake jigila tsakanin Terminus da Farin Gada. Na gwada wurare iri biyu a kan mutane don in ga bambanci. Na farko fasinja ya manta waya a keke, ka mayar ko ka sayar. Kowa mayarwa yake, ko daƙiƙa biyu ba sa yi, tarbiyya ce kuma ba abin da za su rasa. Na biyu magariba ta yi, kuɗin hannunka abu ɗaya za su iya cikin uku: balas ɗin mai keke da ya riga ya ce in ka sake zuwa hannu rabbana zai karɓi makulli, ko maganin hawan jinin Inna da ya ƙare tun jiya, ko cikon kuɗin NECO na ƙanwarka Zainab da gobe ake rufewa. A nan ne babban yatsa yake tsayawa a saman allo. Wata da na ba ta gwada sai da ta ja shafin sama da ƙasa tana neman ko akwai na huɗu, ta ɗago ta ce "Haba Malam, ba zai iya cin bashi ba?" Na ce ya riga ya ci na kowa.

Duk wanda ka ɗauka labarin wuri ɗaya yake nufa. Abin da na yi kawai, na sa gem ɗin ya ajiye alama. In maganin ka saya kuma ka ɓoye wa Zainab gaskiya, can gaba bayan fitowa uku za ta kawo maka tuwo ta ajiye ta juya, ba "Yaya ga abinci", ba komai. In NECO ka biya, za ka shigo ka samu Inna ta ɗaure kai da ɗankwali tam tana cewa ba komai gajiya ce. Jimla biyu biyu ne fa, aikin minti goma, amma su mutane suke kira na a kai, ba ƙarshen ba.

Kuma ka ga wannan "Yaya" da aka cire, a nan muke da arzikin da waɗancan ba su da shi. Mu rabin rigimarmu ba da bindiga ake yi ba. Ka gaishe da kawunka a tsaye ko ka durƙusa, ka kira matar babanka Umma ko ka kira sunanta, ka je ta'aziyya ran farko ko sai ran uku, an kawo maka abinci a gidan da kuke da saɓani ka ci ko ka ce ka ƙoshi, babba ya faɗi abin da ba haka ba a gaban mutane ka gyara masa ko ka haɗiye. Duk Bahaushe ya san farashin kowanne ba sai ka yi masa bayani ba, kuma ba su buƙatar zane ko fashewar bam. Ka sa shiru ya zama zaɓi shi ma, don a wurinmu shiru magana ce. Kada kuma ka sa ma'aunin lada da zunubi a gefen allo, da zarar mutum ya ga maki zai daina tunanin Zainab ya koma tunanin maki.

Don ƙarshen, akwai dabarar da Fallout yake yi tun 1997: babban ƙarshe ɗaya ne ko biyu, sai a bi garuruwa da mutane ɗaya bayan ɗaya a faɗi abin da ya same su gwargwadon abin da ka yi. In kana da mutum biyar kowanne da makoma biyu, sakin layi 10 kawai za ka rubuta amma haɗuwarsu kala 32 ce, kowa zai ga kamar nasa aka rubuta masa.

Na san kuma tunda ɗan Jos ne kai wata rana zuciyarka za ta ce ka yi a kan rikici, 2001 ko 2008 ko 2010, kusan duk wanda na zauna da shi a nan sai ya kawo wannan. Ban ce kar ka yi ba, amma kar ya zama na farkonka, kuma kar ka ba mai bugawa makami ka ce ya zaɓi ɓangare. Ka duba This War of Mine na 2014 da aka gina kan ƙawanyar da aka yi wa Sarajevo daga 1992 zuwa 1996, fararen hula kake riƙewa, tambayar ita ce za ka saci maganin wasu tsofaffi biyu don naka mara lafiyan ya rayu. Masu karanta naka wasunsu sun binne 'yan uwa, ba labari ba ne a wurinsu.

Duk abin da na faɗa daga ƙananan gem na rubutu na samo shi da kuma kallon mutane suna bugawa, kuma ba kowa yake shafa ba. Akwai masu danna tsallake a kowace hira su dai a kai su wurin faɗa, akwai kuma masu jin daɗin bin kowane reshe su ga me ke ciki, irinsu ne Detroit: Become Human na 2018 yake nuna wa taswirar rassa bayan kowane babi. Baldur's Gate 3 na 2023 ya nuna ana iya raba labari da gaske, amma da ɗaruruwan ma'aikata da shekaru, kai kuwa kai kaɗai ne da laftof ɗin aro.

Ka fara da Twine, manhajar rubuta gem na labari, kyauta ne, ba sai ka iya kodin sosai ba, kuma fayil ɗaya yake fitar maka da za ka tura ta WhatsApp a buɗe a burauza. In kana son hotuna da sauti daga baya ka koma Ren'Py. Ka rubuta mutum uku da yini ɗaya kawai tukuna. In za ka gwada, ka miƙa wa mutum wayar ka koma gefe ka yi shiru, kar ka tambaye shi ya yi daɗi don kunya za ta sa ya ce eh, yatsansa za ka kalla. Duk wurin da ya danna bai tsaya ba, ka koma ka ƙara wa ɗaya ɓangaren farashi ko ka cire zaɓin gaba ɗaya. Ka kuma gwada a ƙaramar waya mai arha ka tabbata ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa daidai, don wasu salon rubutun akwati suke nunawa a wurinsu.